Manhaja Lafiya Lau, Amma Ta Ƙi Tashi: Rikicin Da Ke Ɓoye A Cikin Kompailar Ƙetare

Ƙarfe goma na safe, kantin magani ya cika da jama'a. Matashin da aka ba aikin rubuta manhajar lissafin kaya ya iso da filashi a aljihu, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke bayan kanta, ya kwafe fayil ɗinsa, ya danna. Maimakon manhajar ta buɗe, sai wani ɗan akwati ya bayyana da Turanci, wai ba za a iya ci gaba ba domin ba a ga libgcc_s_dw2-1.dll ba.

Shi dai bai taɓa rubuta wani abu mai wannan suna ba. Ya lalubo shi a laftof ɗinsa, ya kwafo. Akwatin ya dawo da wani sunan, libstdc++-6.dll. Ya kwafo shi ma. Sai ga na uku, libwinpthread-1.dll. Mai kanti yana tsaye yana kallo, ya fara tuna kafin alƙalamin da ya bayar.

Da ƙyar ta buɗe. Bayan 'yan kwanaki aka kira shi a waya. Wani yaron kanti ya zare filashin da manhajar ke ajiye bayanai a ciki, maimakon ta nuna gargaɗin da matashin ya tanada musamman domin irin wannan rana, sai ta ɓace daga allo babu ko sallama.

Wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne. Ɗalibin da ya fara koyon C++ da Code::Blocks ko Dev-C++, ya kai wa abokinsa aikinsa a filashi, ya san rabin farko na labarin. Rabin na biyu kuwa ya sha hana manyan injiniyoyi barci. A duka biyun, mutum yakan yi ta juya rubutunsa yana neman kuskure, alhali kuskuren ba ya wurin. Yana cikin wasu shawarwari da waɗansu mutane suka yanke tun ranar da suke ƙunsa kompailar da ya sauke.

A gina a nan, a zauna a can

Kompaila ita ce manhajar da ke mayar da rubutun mai shirya manhaja zuwa umarnin da na'ura ke fahimta. A al'ada, wadda ke kan Linux tana fitar da abin da zai yi aiki a Linux, wadda ke kan Windows kuma na Windows. Kompailar ƙetare ita ce wadda ke zaune a wata babbar manhaja tana gina wa wata. Kusan duk manhajar da ke cikin wayarka ta Android a kan kwamfuta aka gina ta, domin da wuya wani ya zauna ya harhaɗa ta a kan wayar.

Wadda ta fi shahara wajen gina wa Windows daga Linux ita ce Mingw-w64. Asalinta MinGW, wadda Colin Peters ya fara fitarwa a 1998 domin a iya amfani da GCC, kompailar kyauta da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1987, wajen gina manhajojin Windows ba tare da sayen kayan Microsoft ba. Da Windows mai bit 64 ta fito, tsohuwar MinGW ta yi jan ƙafa. A 2005 kamfanin OneVision ya fara nasa aikin, daga baya ya miƙa shi ga Kai Tietz bisa sharaɗin ya ci gaba da zama a buɗe ga kowa. Yau Debian da Ubuntu da Fedora da Arch duk suna raba ta a matsayin ƙunshi, umarni ɗaya ya isa a sauke ta.

Ba ƙananan ayyuka ne suka dogara da ita ba. VLC da mutane ke kallon fim da shi, Bitcoin Core, Tor Browser, duk ana gina nau'insu na Windows a kan Linux da kayan Mingw-w64.

Sai dai abin da ke fitowa daga kompailar ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da 'yan rakiya, wato laburaren da yake jingina da su lokacin da yake aiki. libgcc ce ke riƙe da ƙananan ayyukan da kompaila ke buƙata, libstdc++ ce rumbun kayan C++, libwinpthread na kula da zaren aiki, can ƙasa kuma akwai laburaren C na Microsoft. A Linux, mai kula da ƙunsoshi ne ke tabbatar da cewa duk waɗannan sun dace da juna, shi ya sa mai amfani ba ya ma sanin suna nan. Da zarar fayil ya tsallaka zuwa Windows, babu mai wannan kulawa. Kowa tasa ta fisshe shi.

Jifa da cafewa

A cikin C++, idan wani sashe na manhaja ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa, misali fayil ya ɓace ko memori ya ƙare, yana iya jefa sanarwar tangarɗa. Sanarwar tana komawa ga sashen da ya kira shi. Idan shi ma ba shi da magani, ta wuce zuwa wanda ya kira shi, har ta isa inda aka tanadi mai cafewa. Kamar ƙarar da ta gagari mai unguwa ce, ta tafi wurin dagaci, ta wuce wurin hakimi. A kowane zango kuma sai an kintsa abin da aka bari a buɗe: a rufe fayil, a mayar da memorin da aka ara, a saki makullin da aka riƙe.

A rubuce, abin layi uku ne ko huɗu. A cikin na'ura kuwa aiki ne ja. Dole a san waye ya kira wa, me kowa ya bari, ina za a sauka. Ƙa'idar harshen C++ ta faɗi abin da ya kamata ya faru, ba ta faɗi yadda za a yi shi ba. A nan ne GCC a kan Windows ta ƙare da hanyoyi uku da ba sa ga maciji da juna.

Ta farko ana kiranta SJLJ, daga sunayen wasu tsofaffin umarni biyu na harshen C. Duk sashen da ke da abin kintsawa, da shigarsa sai ya yi rajistar inda yake, da fitarsa ya goge. Idan aka yi jifa, sai a bi rajistar a yi tsalle. Amfaninta shi ne ba ruwanta da abin da ke tsakani, tana iya tsallake sassan da wata kompaila ta gina. Illarta ita ce ana biyan kuɗin rajistar kullum, ko an yi jifa ko ba a yi ba. Manhajar da za ta shekara ba ta gamu da tangarɗa ba, sai ta biya.

Ta biyu ita ce DWARF-2, wadda aka ɗauko daga duniyar Linux. Ita ba ta rajista lokacin aiki. Kompaila ce ke rubuta jadawali tun lokacin gini, ta ajiye shi a gefe, ba a duba shi sai ranar da aka yi jifa. Manhaja tana gudu sosai. Amma jadawalin na sassan da GCC ta gina ne kawai. Manhajar Windows mai tagogi da maɓallai ba ita ke kiran kanta ba: mutum ya danna, Windows ta karɓa ta cikin nata fayilolin irin su user32.dll, sannan ta kira sashen da mai manhaja ya rubuta. Idan aka yi jifa a can ciki, mai cafewa kuma yana waje, sai sanarwar ta ratsa ta cikin sassan Windows, waɗanda ba su da jadawalin da GCC ta sani. Tana isa nan sai hanya ta yanke. Tsarin ya ɗauka babu mai cafewa, ya kashe manhajar nan take. Abin da ya ɓatar da manhajar kantin magani ke nan.

Ta uku ita ce SEH, hanyar Windows ta kanta. A Windows mai bit 64, Microsoft ta wajabta wa kowace kompaila ta rubuta jadawalin komawa baya iri ɗaya, wanda babbar manhajar da kanta ke karantawa. Saboda haka ana samun gudun DWARF tare da iya ratsa sassan da wani ya gina. GCC ta samu wannan a sigar 4.8 ta shekarar 2013, kuma tun daga nan rigimar ta kusa mutuwa a ɓangaren bit 64.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a yi haka a bit 32? Takardar mallakar fasaha ce. Salon SEH na bit 32 daban yake, kuma kamfanin Borland ya yi rajistarsa a Amurka, masu GCC suka ƙi taɓa shi. Wa'adin takardar ya ƙare a 2014, amma a lokacin hankalin kowa ya koma bit 64, babu wanda ya ga dalilin ɓata shekaru a kan abin da ke kan hanyar fita. Har yau mai gina wa bit 32 da GCC zaɓinsa biyu ne, mai nauyi ko mai tsoron ratse.

Suna ɗaya, ciki daban

Da a ce kowace hanya tana zaune a gidanta, da da sauƙi. Matsalar ita ce ba a zaɓar hanya lokacin da kake gina manhajarka. An riga an zaɓa lokacin da aka gina kompailar kanta, kuma duk abin da ta taɓa sai ya ɗauki tambarinta. Laburaren da aka gina da SJLJ yana neman wani abu mai suna __gxx_personality_sj0. Na DWARF yana neman __gxx_personality_v0, na SEH kuma __gxx_personality_seh0. Haɗa biyu daga ciki, sai mai haɗa fayiloli ya tsaya ya ce bai san wannan suna ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a saƙon kuskure, ko _Unwind_Resume, to ya daina zargin rubutunsa. Kayan gida biyu ya gauraya.

Fayil ɗin libgcc aƙalla yana faɗin gaskiya, domin sunansa na ɗauke da sjlj ko dw2 ko seh. Na libstdc++ ne mugun. Sunansa libstdc++-6.dll ko da wace hanya aka gina shi, na bit 32 ne ko na 64, na bana ne ko na shekara goma da suka wuce. Lambar 6 ɗin ba ta motsa ba tun GCC 3.4 ta 2004.

Ga yadda yake cizo. Windows tana fara neman fayil a babban fayil ɗin da manhaja take. Idan ba ta gani ba, ta duba nata wurare, daga nan ta bi jerin wuraren da aka rubuta a PATH, ta ɗauki na farko da ta tarar mai wannan suna. Kwamfutar da aka ɗora wa manhajoji da yawa tana iya ɗauke da libstdc++-6.dll iri uku ko huɗu. Idan ta ɗauko na wata hanyar jifa, sai ka ga saƙon cewa ba a samu mashigar kaza a cikin laburaren ba. Idan ta ɗauko na bit 64 ta ba manhajar bit 32, sai lambar nan da ta addabi masu gyaran kwamfuta, 0xc000007b, wadda ba ta gaya wa kowa komai.

Shi ya sa manhaja ɗaya ke aiki a kwamfutar ofishi ta ƙi ta gida, alhali Windows ɗinsu iri ɗaya ce.

A nan ya kamata a ja kunne. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su rubuta sunan fayil ɗin a Google, su sauke daga shafin farko da ya fito. Ko da shafin na mutanen kirki ne, da wuya a dace da sigar da ake buƙata. Idan kuma ba na kirki ba ne, mutum ya ɗauko ƙwayar cuta da hannunsa ya ajiye ta a inda manhajarsa za ta buɗe mata ƙofa. Fayil ɗin da ya dace yana cikin ƙunshin kompailar da ta yi ginin, ba a wani wuri ba.

Ranar da aka sauya sheƙa

Shekaru da dama masu ƙunsa Mingw-w64 a manyan rassan Linux sun tsaya a kan SJLJ domin bit 32. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ba su san me mutane za su gina ba, gara a ba su wadda ba ta mutuwa a tsakiyar hanya ko da tana da nauyi. Masu neman gudu suna ta ƙorafi. Qt, wadda ake gina tagogin manhajoji da ita, ta fito da SJLJ a farkon jerin Qt 5, ba a jima ba ta koma DWARF a 2013, waɗanda suka riga suka gina laburarensu da ta farko suka sake gini.

Abin da ya karya taurin kan masu ƙunshi ya zo ne daga waje, wato harshen Rust. Masu Rust suna raba nasu laburaren a gine, kuma na Windows mai bit 32 da DWARF suka gina shi. Duk wanda ya yi ƙoƙarin gina manhajar Rust daga Ubuntu ko Fedora zuwa can, sai ya ci karo da kukan rashin _Unwind_Resume. Da laburare masu muhimmanci suka fara komawa Rust, irin su librsvg mai zana hotunan SVG, abin ya wuce ƙorafin 'yan tsiraru. Fedora ta sauya zuwa DWARF a sigarta ta 32 a 2020, wanda ya tilasta sake gina ƙunsoshin mingw32 da ke rumbunta. Debian ma ta bi wannan hanya.

Ga mai kula da ƙunshi, gyara ne. Ga wanda ke da tsohon laburare da wani kamfani ya ba shi a gine, ba shi da asalin rubutun, ranar baƙin ciki ce. Ya sabunta Linux ɗinsa da yamma, da safe aikinsa ya daina haɗuwa, bai taɓa ko harafi ɗaya ba.

Zare iri biyu

Akwai wani rabe-raben da ba ya buƙatar dogon bayani. Debian da Ubuntu suna kawo kompailar iri biyu, mai zaren win32 da mai zaren posix. Kafin GCC 13, wadda ta fito a 2023, mai win32 ba ta san std::thread da std::mutex ba sam, duk da suna cikin ƙa'idar C++ tun 2011. Mutum ya rubuta abin da littafi ya koya masa, kompaila ta ce babu wannan suna. Takardun ginin Bitcoin Core sun daɗe suna umartar mutane su sauya zuwa posix da update-alternatives kafin su fara. Kuɗin sauyawar shi ne ƙarin ɗan rakiya, libwinpthread-1.dll. GCC 13 ta cike giɓin win32, ta kuma ƙaro iri na uku mai suna mcf.

Tsohon harsashi da sabo

Can ƙarƙashin komai akwai laburaren C, mai buɗe fayil, mai ba da memori, mai buga rubutu. Masu MinGW ba su rubuta nasu ba. Sun jingina da msvcrt.dll, domin yana cikin kowace Windows, ba sai an raba shi ba. Dabara ce mai kyau a 1998. Amma fayil ɗin na zamanin Visual C++ 6 ne, tsohuwar kompailar Microsoft, kuma Microsoft ta daɗe tana ɗaukarsa kayan cikin gida na Windows, ba na manhajojin waje ba. Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniyan kamfanin, ya yi rubutu a kan haka a 2014, yana nuna cewa masu jingina da shi suna yi ne da ganin damarsu.

Tsufansa yana fitowa a wurare da dama. Bai cika ƙa'idar C ta 1999 ba, har sai da masu Mingw-w64 suka rubuta nasu printf domin toshe ramuka. A bit 32, agogonsa na asali zai cika ya juye a watan Janairun 2038. Sannan bai san tsarin UTF-8 a matsayin harshen aiki ba, abin da ya shafe mu kai tsaye: haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin tsohon jadawalin haruffan Windows na Yammacin Turai. Manhajar da ta bi tsohuwar hanya wajen buɗe fayil mai suna da ƙ tana iya cewa babu shi, ko ta mayar da harafin alamar tambaya, sai dai idan mai rubutun ya bi ta hanyar haruffa masu faɗi ta Windows.

A 2015, tare da Windows 10, Microsoft ta fito da sabon harsashi, UCRT, wanda ta amince kowa ya hau. Daga sabuntawar 2018 ya karɓi UTF-8. MSYS2, mai raba kayan Mingw-w64 a kan Windows, ta buɗe masa sashe a 2021, ta mayar da shi zaɓin farko a 2022. Fedora ta ƙara shi a sigarta ta 37. A 2024, Mingw-w64 ta 12 ta mayar da shi na asali.

Ci gaba ne, babu musu. Amma ya ƙara wani layin da ba a tsallakawa. Rikicin jifa yakan nuna kansa tun wajen gini. Na harsashi kuwa yana iya yin shiru. Laburaren da ke kan msvcrt ya buɗe fayil ya miƙa wa manhajar da ke kan UCRT, ita kuma ta karanta bayanin da tsarin da ba nasa ba. Ko wannan ya ari memori, wancan ya mayar, alhali ba rumbu ɗaya suke ɗiba ba. Wani lokaci babu abin da zai faru. Wani lokaci sai bayan awa guda manhajar ta faɗi a wani wuri da ba shi da alaƙa da laifin. Masu sana'ar sun fi tsoron irin wannan fiye da kowane saƙon kuskure.

A haɗiye su ko a tafi da su?

Shawarar da aka fi ba sabon shiga ita ce ya ƙara -static-libgcc da -static-libstdc++, ko ma -static gaba ɗaya, domin a cusa 'yan rakiyar cikin fayil ɗaya. Lasisin GCC ya yarda da haka, har ga manhajar sayarwa. TDM-GCC, wadda ta daɗe tana zuwa tare da Code::Blocks da Dev-C++, haka take yi tun asali, shi ya sa wasu ɗalibai ba su taɓa ganin akwatin nan ba sai ranar da suka sauya kompaila. Ga manhaja mai fayil ɗaya, wannan ita ce amsar, kuma ban ga dalilin jayayya ba.

Masu adawa suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Idan manhaja tana da nata laburaren a fayilolin DLL, kowanne ya haɗiye nasa libgcc, to a tsarin DWARF kowanne yana riƙe da nasa kundin jadawali, bai san na maƙwabcinsa ba. Jifa daga DLL zuwa babbar manhaja sai ya faɗi a tsakani. Takardun GCC da kansu sun ce mai son jifa ya ratsa iyakar laburare ya yi amfani da libgcc na tarayya. Masu kula da tsaro kuma suna ƙara da cewa idan aka gano rami a laburaren da aka haɗiye, sai an sake gina kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya.

Akwai rukuni na uku da suka ce a bar jifan ma baki ɗaya. Ƙa'idar rubutun C++ ta Google ta hana shi a ayyukan kamfanin, masu wasannin kwamfuta da yawa ma suna kashe shi da -fno-exceptions. Wannan yana yiwuwa ga wanda ya mallaki duk rubutunsa. Wanda ke aro daga laburaren wasu ba shi da wannan gata.

Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne kada a bar jifa ya tsallaka iyaka. Duk sashen da Windows ce ke kiransa, a cafe komai a cikinsa kafin a koma. Duk inda kayan GCC za su gaisa da na Visual C++, a yi gaisuwar da harshen C zalla, da lambobin kuskure, kuma wanda ya ari memori shi zai mayar. Ko a bit 64, inda duka biyun ke bin SEH, abin da ɗaya ya jefa ɗayan ba ya gane irinsa.

Bin sawu

Wanda abin ya riga ya same shi, tambayar farko ba "me na rubuta ba daidai ba" ba ce. Ita ce "wace kompaila ce wannan". Umarnin i686-w64-mingw32-g++ -v yana nuna siga, da irin zare, da zaɓuɓɓukan da aka gina ta da su. Leƙa babban fayil ɗinta ma ya isa, sunan libgcc da ke ciki zai faɗi hanyar jifa.

Daga nan sai a tambayi fayil ɗin da aka gina su wa yake nema. objdump -p yana jero sunayen DLL da yake buƙata. A maimaita a kan kowane DLL da ke tare da shi. Idan aka ga ɗaya na neman sjlj wani na neman dw2, ko ɗaya na kan msvcrt.dll wani na kan fayilolin api-ms-win-crt na UCRT, an kama ɓarawon. A kan Windows, manhajar Dependencies tana nuna ainihin wurin da aka ɗauko kowane fayil, wanda ke tona asirin PATH.

Gwajin da ya fi kowanne arha shi ne 'yar manhaja mai layi goma, ta yi jifa ta cafe, sannan ta yi jifa daga cikin DLL. Idan wannan ta faɗi, babu amfanin buɗe babban aikin. Kuma a yi gwajin a kan Windows sabuwa fil, wadda ba a ɗora wa kayan gini ba. Wine, mai gudanar da manhajojin Windows a kan Linux, tana taimakawa, amma kwamfutar mai gini ita ce mafi munin wurin gwaji, domin duk abin da zai ɓace a wurin mai saye yana nan zaune a cikinta.

Maganin kuwa sau da yawa ba ya da daɗin ji: a sake gina komai, har laburaren aro, da kompaila ɗaya.

Wa aka bari a baya?

Duniyar masu gini ta kama hanyar daidaituwa: bit 64, SEH, UCRT. Windows 11 ta 2021 ba ta da nau'in bit 32 ko kaɗan. MSYS2 ta daina tallafa wa Windows 7, ta kuma fara rage ƙunsoshin bit 32. Ga mai sabuwar na'ura, yawancin abin da aka zayyana a sama tarihi ne.

Amma ba kowa ke da sabuwar na'ura ba. A ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na garuruwanmu, kwamfutoci na hannu masu Windows 7 suna nan suna aiki, duk da Microsoft ta janye tallafinta tun Janairun 2020. UCRT ba ya zuwa da Windows 7, sai an ɗora sabuntawa ta musamman, KB2999226, kuma na'urar da ba ta taɓa ganin intanet ba ba ta da ita. Mai gina wa irin waɗannan wurare yana zaune ne daidai inda matsalolin suka fi yawa, kuma inda masu gyara suka fi ƙaranci. A ganina, ba kuskure ba ne ya riƙe tsohuwar kompaila mai msvcrt, muddin ya killace ta a wuri guda, ya rubuta sigarta, ya hana sabuntawar Linux taɓa ta.

Wasu sun koma llvm-mingw ta Martin Storsjö, wadda ke amfani da kompailar Clang da nata laburaren, tana kuma fitowa iri biyu, ta UCRT da ta msvcrt. Ita ma ba a gauraya kayanta na C++ da na GCC.

Sabon fage kuma ya riga ya buɗe. Laftof masu Windows a kan na'urar ARM sun fara yawa a kasuwa tun 2024. llvm-mingw ta daɗe tana gina musu. GCC kuwa sai a sigar 15 ta 2025 ta fara, kuma sanarwar fitowarta ta lissafa abubuwan da ba a kammala ba tukuna. Jifa da cafewa na C++ yana cikinsu.